PIL DA BATIRI: MU KOYI KARANTA ABIN DA AKA RUBUTA A JIKINSU

Darasin kimiyya

Kayan aiki: Kowane ɗalibi ya zo da mataccen pil guda daga gida, wanda bai fashe ba, bai yi tsatsa ba. A kawo sandar awo, da allo, da alli. Bayan darasi kowa ya wanke hannu da sabulu.

1. Mu lura

Daga Gidan Rumji zuwa Tibiri, daga Caduwa zuwa Agye da Gazawa, babu kasuwar da ba a saida pil a cikinta. Ƙauyukanmu da yawa ba su da wutar lantarki. Da pil muke kunna tocila mu ga kunama da dare. Da pil iyayenmu ke jin labaru a radiyo. Agogo da salula da babur su ma suna amfani da pil ko batiri.

Ku jera pil ɗin da kuka kawo bisa tebur, daga babba zuwa ƙarami. Mi kuka gani? Wasu manya ne, wasu ƴan siririya. Wani ja ne, wani baƙi, wani da hoton damisa, wani da hoton kyanwa. Launi da hoto da babban suna duk na kamfanin da ya ƙera ne, don jawo mai saye.

Yanzu ku juya pil ɗin a hannu, ku nemi ƙaramin rubutu. Za ku ga haruffa da lambobi kamar R20, ko LR6, ko CR2032. Wanga ƙaramin rubutu shi ne sunan pil na gaskiya. Yana faɗa mana girman pil, da abin da ke cikinsa, da ƙarfinsa, da ko ana iya yi masa caji. Wanda ya iya karanta shi ba ya sayo abin da bai dace da radiyonsa ba, kuma ya san wanda ke da haɗari ga ƙannensa.

2. Daga ina pil ya fito?

A shekarar 1800 wani masani ɗan ƙasar Italiya mai suna Alessandro Volta ya ɗora faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, wani bisa wani, da tsumma jiƙaƙƙe da ruwan gishiri a tsakaninsu. Sai ya samu wutar lantarki. Da Faransanci abin da aka jibga wani bisa wani ana ce masa « pile ». Daga nan muka samu kalmar pil. Daga sunan Volta kuma aka samu ma'aunin ƙarfin wuta, wato bolt, wanda ake rubutawa da harafin V.

A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙago batirin darma, kakan batirin mota. A 1866 wani Bafaranshen kuma, Georges Leclanché, ya ƙago pil mai tutiya da gawayi, kakan pil ɗin tocila. Batirin litiyom irin na salula sabon abu ne: kamfanin Sony na Japan ya fara saida shi a 1991.

Tun da ƙasashe da yawa ke ƙera pil, dole a daidaita sunaye. Akwai wata hukuma ta duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki. Da Faransanci ana ce mata CEI. An kafa ta a 1906, mazauninta yana Janeba a ƙasar Suwis. Ita ta tsara waɗanga haruffa da lambobi. Shi ya sa R20 da aka ƙera a Sin, da wanda aka ƙera a Faransa, duk suna shiga tocila guda.

3. Girman pil

Harafin R yana nufin pil ɗin kewayayye ne, kamar guntun kara. Lambar da ke biye da R tana nuna girma. Ku ɗauki sandar awo, ku auna faɗin gindin pil da tsawonsa, ku gwada da wanga jeri. Awon duka na milimita ne, kuma kimantawa ce.

R20: faɗi 34, tsawo 61. Babban pil na tocila da babbar radiyo.
R14: faɗi 26, tsawo 50. Matsakaici.
R6: faɗi 14, tsawo 50. Na ƙaramar radiyo da agogon bango.
R03: faɗi 10, tsawo 44. Ɗan siriri, na ƙaramar tocila.

Ku lura da R03. Akwai sifiri gaban uku. Shi ne ƙaramin cikinsu.

Sau da yawa za ku ga wasu sunaye kusa da waɗanga. Amurkawa suna amfani da haruffa, Japanawa kuma da UM. Duk girma guda suke nufi.

R20 shi ne D, shi ne UM-1.
R14 shi ne C, shi ne UM-2.
R6 shi ne AA, shi ne UM-3.
R03 shi ne AAA, shi ne UM-4.

In kun buɗe bayan radiyo, wurin da ake sa pil, za ku tarar an rubuta ɗaya daga cikin waɗanga sunaye. An kuma zana inda kai zai duba. Kan pil, mai ɗan tsini, yana da alamar tarawa (+). Gindinsa yana da alamar ɗebewa (–).

4. Abin da ke cikin pil

Harafin da ke gaban R shi ke faɗin abin da ke ciki.

In babu kowane harafi gaban R, kamar R20 ko R6, pil ɗin na tutiya da gawayi ne. Jikinsa gwangwanin tutiya ne. A tsakiya akwai sandar gawayi, kewaye da ita akwai baƙin gari mai danshi. In pil yana aiki, tutiyar tana cinyewa a hankali. Daga baya sai gwangwanin ya huje, ruwan ciki ya fito ya ci ƙarfen radiyo. Wanga iri shi ya fi arha, shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Wani lokaci ana ƙara harafi a ƙarshe: R20S na yau da kullum ne, R20P ya ɗan fi shi jimiri.

In akwai L, kamar LR20 ko LR6, pil ɗin alkalin ne. Ruwan cikinsa dangin ruwan tokar da ake sabulu da shi ne, amma ya fi shi kaifi nesa. Ya fi na farko tsada, ya fi shi nauyi a hannu, ya kuma fi shi daɗewa ƙwarai.

In akwai H, kamar HR6 ko HR03, ana iya yi masa caji sau ɗaruruwa. A jikinsa za a ga Ni-MH. Akwai wani tsohon iri mai caji da ake rubuta masa KR ko Ni-Cd. Wanga yana da kadmiyom, ƙarfe mai guba.

In akwai C, kamar CR2032, na litiyom ne. In akwai S, kamar SR626, akwai azurfa kaɗan a ciki, ana sa shi a agogon hannu.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. R6 da LR6 da HR6 girmansu guda, amma HR6 kaɗai ake yi wa caji. In aka sa R6 ko LR6 a caji, yana iya yin zafi ya fashe.

5. Ƙarfin wuta da yawan wuta

Ku nemi harafin V a jikin pil. Za ku ga 1,5 V ko 1.5 V. Duka guda ne: bolt ɗaya da rabi. Masu Faransanci suna sa waƙafi, masu Ingilishi suna sa ɗigo.

R da LR: 1,5 V.
HR da KR: 1,2 V.
SR: 1,55 V.
CR: 3 V.

Ga abin mamaki. Babban R20 da ɗan ƙaramin R03 duka 1,5 V ne. To, mi ya bambanta su? Ku tuna da randa da buta. Ruwan da ke cikinsu iri guda ne, amma na randa ya fi daɗewa kafin ya ƙare. Bolt yana nuna ƙarfin da wuta ke fita da shi. Yawan wutar da ke ajiye a ciki kuwa ana auna shi da mAh. In an rubuta 2000 mAh a wani HR6, aka rubuta 1000 mAh a wani, na farko zai ninka na biyu daɗewa.

In aka jera pil, kan wannan a gindin wancan, ƙarfinsu yana taruwa. Tocila mai pil biyu: 1,5 + 1,5 = 3 V. Radiyo mai pil huɗu: 1,5 × 4 = 6 V. In kuka juya guda a cikin tocila mai pil biyu, ba za ta kama ba, don wannan yana tura wuta gaba, wancan yana maido ta baya.

Wasu pil ɗin an riga an jera su a cikin gida guda tun daga kamfani. Lambar da ke gaban haruffa tana faɗin nawa ne a ciki. Mu karanta 6F22. Lambar 6 tana nufin ƴan pil shida. F tana nufin shimfiɗaɗɗu ne, ba kewayayyu ba. To, 1,5 × 6 = 9 V. Shi ne pil mai kusurwa huɗu, mai ƴan maɓallai biyu a ka. Ku gwada da 3R12: guda nawa ne a ciki? Bolt nawa ke nan?

6. Ƴan ƙananan pil masu kamar maɓalli

Ana samun su a agogon hannu, da na'urar lissafi, da ƴan kayan wasan yara masu walƙiya. A nan lambar tana ba da awo sosai. Mu karanta CR2032. C litiyom ne. R kewayayye ne. 20 ita ce faɗi, milimita 20. 32 ita ce kauri, milimita 3,2. Haka CR2016 faɗinsa milimita 20, kaurinsa 1,6. Faɗinsu guda, amma na biyu rabin kaurin na farko ne.

LR44 shi ne ɗan kumburarren nan da ake sa uku-uku a ƴan tocilolin makulli. Ana kuma rubuta masa AG13 ko A76.

Waɗanga ƴan pil sun fi duka haɗari ga jarirai. Suna ƙyalli kamar kuɗi, yaro yana iya sawa a baki. In pil ya maƙale a maƙoshi, wutarsa tana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal, ko da mataccen pil ne. In haka ta faru, ku kira manya nan take, a kai yaron gidan likita, ko da yana wasa kamar ba komi. Kada a sa shi amai. In yaron ya wuce shekara guda kuma yana iya haɗiya, ana iya ba shi zuma a kan hanya, ƙaramin cokali biyu kowane minti 10, har sau 6. Zumar tana rage ƙuna kurum, ba ta fidda pil. Ba a ba jaririn da bai kai shekara ba zuma.

7. Batirin salula, da na babur, da na sola

Batirin salula ana rubuta masa Li-ion, da 3,7 V ko 3,8 V, da yawan mAh. A cikin tocilolin caji da wasu radiyoyi akwai wani dogon batiri mai lamba 18650. Faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, ƙarfinsa 3,7 V. Na gaskiya ba su cika wuce 3500 mAh ba. In kuka ga an rubuta 9900 mAh a jikinsa, ƙarya ce. Batirin litiyom ba ya son zafi, ba ya son duka. In ya kumbura, a daina aiki da shi. Kada a soke shi da ƙusa, yana kamawa da wuta.

Batirin babur, da na mota, da wanda ake haɗawa da faifan sola, 12 V ne. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowane 2 V. Yawan wutarsa da Ah ake rubutawa: na babur yana iya zama 7 Ah, na sola 100 Ah. A jikinsa akwai Pb, wato darma. A ciki akwai ruwan asid mai ƙona fata da tufa, mai makantar da ido.

Darma guba ce. Tana shiga jinin yaro ta ƙura, ta lalata masa ƙwaƙwalwa. A Tiyaroy, kusa da Dakar a ƙasar Sanagal, mutane sun riƙa fasa tsofaffin baturan mota suna fidda darma su saida. Ƙurar ta cika gidaje. Daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar. Don haka ba a fasa tsohon batiri a tsakar gida, ba a narka darmarsa inda yara ke wasa.

8. Wa'adin pil

Pil yana tsufa ko ba a yi aiki da shi ba. Shi ya sa ake rubuta wa'adinsa a gindi ko a gefe: wata, sannan shekara. 03-2030 yana nufin watan Maris na 2030. Zafi yana saurin tsufar da pil. A bazara zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Pil ɗin da ya yi watanni a rana bisa tebur ya rasa wani abu daga ƙarfinsa.

Mu karanta wagga hira, ɗalibai biyu su fito su yi ta.

An aiki wata ƴar lakwal kasuwa da mataccen pil a hannu.
– Salamu alaikum. Baba, ina wuni?
– Lafiya lau, ɗiyata. Mi aka aiko ki?
– Babana ya ce in sayo pil huɗu irin wanga, na radiyo.
– Ga su. Waɗanga sun fi arha.
– Girman ya yi daidai, Baba, duka R6 ne. Amma ka yi mini gafara, an rubuta 08-2022 a gindinsu. Wa'adinsu ya wuce.
– Ashe! Ni ban yi boko ba, haka aka ba ni su a kwali. Shi ya sa mutane ke maido mini suna faɗa. Duba mini wancan kwalin.
– Wanga 2030 ne, yana da sauran lokaci.
– To ɗauki huɗu. Gobe in zan sari kaya, sai in tafi da yarona ɗan lakwal. Allah ya yi miki albarka.
– Amin, Baba. Na gode.

9. Mi za mu yi da mataccen pil?

A gidajenmu shara tana zuwa juji. Kafin damina ana kwashe juji a amalanke a kai gonar gero, ko ta gyaɗa, ko ta aya. In an jefa pil a shara, shi ma gona zai tafi. Can zai ruɓe, abin da ke cikinsa ya shiga ƙasa. A bakin gulbin Maraɗi da gulbin Kaba ruwan rijiya ba shi da nisa, gubar tana iya isa gare shi.

A jikin pil da yawa akwai hoton kwandon shara da aka soke da layi biyu. Ma'anarsa: kada a jefa a shara. Ƙarƙashin hoton wani lokaci akwai Pb, darma, ko Cd, kadmiyom, ko Hg, zaiba. Duka ukun guba ne.

Wasu suna fasa pil su ɗebi baƙin garin su shafe allo da shi. Wasu yara suna fidda sandar gawayi su yi wasa. Mu daina, don garin yana maƙalewa a hannu, daga hannu kuma sai baki. Mu samu gwangwani ko jarka mai murfi, busasshiya, mu riƙa tara matattun pil a ciki. A ajiye ta a inuwa, nesa da rijiya da murhu, inda ƙananan yara da awaki ba sa kaiwa. Ƴan ƙanana masu kamar maɓalli a naɗe su da salatif kafin a jefa ciki.

Abin riƙewa

Sunan pil na gaskiya shi ne ƙaramin rubutu. Harafin farko yana faɗin abin da ke ciki. R yana nufin kewayayye. Lamba tana faɗin girma. V ƙarfin wuta ne, mAh yawanta ne.
Ba a haɗa sabon pil da tsoho, ko R da LR, a radiyo guda. Mai rauni yana saurin yoyo.
Ba a yi wa R, da LR, da CR, da SR caji.
In za a daɗe ba a kunna radiyo ba, a fidda pil.
Ba a jefa pil a wuta, ko a rijiya, ko a juji.

Kalmomi da Faransanci

pil: la pile
batiri: la batterie
tutiya: le zinc
darma: le plomb
zaiba: le mercure
gawayi: le charbon
faɗi: le diamètre
tsawo: la hauteur
wa'adi: la date limite
mai caji: rechargeable

Tambayoyi

1. Daga ina kalmar pil ta fito?
2. Mi ke bambanta R6 da LR6? Mi ke bambanta LR6 da HR6?
3. An rubuta UM-1 a bayan radiyo. Wane pil za ka sayo?
4. Faɗi faɗin CR2025 da kaurinsa.
5. Radiyo tana cin pil shida masu 1,5 V. Bolt nawa ke nan?
6. Don mi pil mai tutiya da gawayi ke yoyo in ya tsufa?
7. Ƙanenka ya haɗiye ɗan pil na agogo. Mi za ka yi?

Lissafi

Wata tocila tana cin pil biyu. Mu ƙaddara R6 guda dala 10 ne, kuma yana kwana 10 a tocilar. Mu ƙaddara LR6 guda dala 30 ne, yana kwana 40. Nawa mai R6 zai kashe a kwana 120? Nawa mai LR6 zai kashe? Matattun pil nawa kowanensu zai tara?

Aikin gida

Ku duba duk abin da ke aiki da pil ko batiri a gidanku. Ku ja layi huɗu a littafinku: sunan abin, lambar pil, bolt, wa'adi. Ku nemi izinin babba kafin ku buɗe radiyo ko agogo. Ranar Litinin kowa ya karanta wa aji abin da ya rubuta, ya kuma kawo matattun pil na gidansu a sa a jarkar lakwal.